Mu Koya Mu Sani: Ma'aunin Ruwan Sama a Lakwal

Yau zancenmu a kan awon ruwan sama ne, da abin da ɗiyanmu za su koya game da shi a lakwal.

Kowa ya san halin ruwan farko. Hadari ya taso, a yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, mutum ya ɗauki sungumi ya shuka. Bayan nan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar, hatsi ya fito ya ƙone. Iri ya tafi, wahala ta tafi banza. Sau da yawa dalili guda ne: ba a san yawan ruwan da ya sauka ba.

Da milimeta ake auna ruwan sama. Milimeta 1 shi ne lita 1 bisa fili mai meta 1 tsawo, meta 1 faɗi. A gona mai hekta 1, lita 10,000 ke nan, wato tano 50 mai cin lita 200. Masana aikin gona na ƙasarmu sun ce shukar hatsi tana son kamar milimeta 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku. Abin da bai kai haka ba, a yi hattara da shi.

Awon nan ba sabon abu ba ne. Bayan farin 1973, an buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don lura da ruwan sama da amfanin gona a ƙasashen Sahel. Amma ruwa yakan sauka a Matankari ya tsallake Ɗan Kasari. Yakan jiƙa Gesheme ya bar Kore Mairuwa. Saboda haka awon Dogon Dutsi ko na Tibiri bai isa ya faɗa maka abin da ya sauka a gonarka ba. Kowane gari yana bukatar nasa ma'auni, kuma babu wurin da ya fi lakwal dacewa.

Yanzu akwai na'urori iri biyu masu aiki tare. Ta farko ita ce mai ji: tana jin zafi, ko laimar ƙasa, ko ruwan da ya zuba. Ta biyu ɗan akwati ne mai riƙe lissafi: duk abin da ta farko ta ji, yana ajiye shi tare da rana da awa. Ba ya barci, ba ya mantuwa. Ƙaramin faranti mai shan hasken rana ya ishe shi wuta. Wata ƙungiya mai suna TAHMO tana kafa irinsu a makarantun Gana da Kenya da wasu ƙasashen Afirka.

Me yaro zai koya da su? Mushe ya sa na'ura guda cikin rairayi a fili, guda ƙarƙashin karan hatsi da aka shimfiɗa. Da bazara, tsakar rana, zafin rairayin fili yakan wuce digiri 50. Na ƙarƙashin kara bai kai haka ba. Yara su karanta lissafi, su kwatanta da kansu. Daga ranar sun gane dalilin barin kara a gona. Ɗan makiyayi kuma ya auna zurfin ruwan rijiya kowane wata, ya ga yadda yake ja da baya da rani.

Akwai wani amfani babba. Tsakiyar damina tana faɗawa cikin hutun lakwal, daga Yuli zuwa Satumba. Yara suna gona, mushe ya yi tafiya, amma akwatin yana nan yana lissafi.

Sai dai na'ura ba ta maye gurbin hannu da ido. Yaron da bai taɓa awo da kansa ba, ko akwati ya yi kuskure ba zai gane ba. Kuma ba sai mun jira na'ura ta iso garinmu ba. Ga abin da kowace lakwal za ta iya yi bana:

1. A samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya.
2. A kafa shi bisa gungume a fili, nesa da itace da ɗaki, kada ya karkace.
3. Kowace safiya, lokaci guda, a auna zurfin ruwan. Santimeta 2 shi ne milimeta 20.
4. A rubuta a littafi, a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba, a rubuta 0.
5. A kai labari wurin mai gari, kowa ya ji.

Iyaye, ga namu aiki. Mu yi wa ma'aunin shinge saboda awaki. Kwamitin lakwal ya zaɓi yara biyu masu awo lokacin hutu. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya taimake su da rubutu. In ɗanka ya ce ruwan jiya milimeta 8 ne, kada ka ce yaro ne. Ka tona ƙasa ka duba laima, ka haɗa saninka da nasa, sannan ka buɗe rumbun iri.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.