Wa ke da ikon tsare mai taɓin hankali ba da son ransa ba?

Jama'a, a nan Damargu in hankalin mutum ya gushe, ba alƙali ke fara yanke hukunci ba, ba kuma likita ba. 'Yan uwa ne ke zama a zaure su yanke: a sa shi a turu, a kai shi wajen malam, ko a nemi mota zuwa Tanut, daga can a wuce asibitin ƙasa na Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150. Wanda ya taso daga rugagen Tenhiya ko Belbeji, tasa tafiyar ta fi haka. Shi marar lafiyar, da wuya a tambaye shi.

Wani lokaci tilas ɗin ba makawa. Wanda ya ɗauki takobi yana bin mutane, ko yake neman faɗa wa rijiya, ba a jiran yardarsa. Amma wa ya ba da izinin tsare shi? Kwana nawa? Wa zai dawo ya duba ko ya samu sauƙi? A kan waɗannan tambayoyi ƙasashe suka gina dokokinsu.

A Faransa, inda wasu 'yan uwanmu ke zaune, dangi na iya neman a kwantar da mutum, amma bisa ƙa'ida sai da takardun likita biyu. In abin ya shafi tsaron jama'a, prefe ke sa hannu. Dokar 2011 ta ce dole alƙali ya duba maganar, gyaran 2013 kuma ya sa wa'adin kwana 12. A Italiya, tun 1978, magajin gari ke sa hannu bayan likita biyu sun yarda, na kwana 7, sai in an sabunta. Ku lura, magajin gari, kamar dai wanda kominmu ke da shi a da. A Ingila dokar 1983 ta ba da kwana 28 na bincike, kuma mutum na da damar ƙara.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A 2003 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta samu Gambiya da laifi, saboda tsohuwar dokarta ta zamanin mulkin mallaka na bari a kulle mutum a sashen masu taɓin hankali na Campama ba tare da hanyar ƙara ba. Yarjejeniyar da aka yi hukuncin da ita, Nijar ma na cikinta, kuma a 2008 ƙasarmu ta amince da ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga inda rashin wa'adi ke kai mutane. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata na gaba aka buɗe wani a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin ta 1958.

A ganina, bambancin asibiti da turu bai tsaya ga allura ba. A asibiti akwai wanda ya rubuta sunan mutum da ranar shigarsa, akwai wanda za a tuhuma. Turun bayan gida ba ya da rajista, shi ya sa "kwana biyu ya huce" ke zama shekara biyu. Kuma wa ya tabbatar hauka ne? Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, farfaɗiya, ko tramol, duk suna iya sa mutum sambatu da fizge-fizge. Biyun farko na kisa cikin 'yan kwanaki in aka tsaya ɗauri. Ga kuma inda gado ko garke ya shiga tsakani, kalmar "mahaukaci" na da saurin fita daga bakin mai kwaɗayi.

Ku da ke Libiya, Aljeriya, Agadas ko Kano, ku ke aiko kuɗin, don haka maganarku na da nauyi a zauren. In aka bugo waya aka ce an ɗaure wane, ku tambaya ko majon likita mafi kusa ya gan shi. In an kwantar da shi a Damagaram, ku nemi sunan likitan da ya karɓe shi, da wanda ke jinyarsa cikin dangi, da ranar da aka ce za a sake duba shi.