Wa Zai Rubuta Sunan Yaron Da Ya Mutu?

'Yan'uwana ɗalibai, malamai da iyayenmu na ikkilisiya, maganar da na kawo ba mai daɗi ba ce, amma tamu ce.

Duk wanda ya tashi a Kuki ko wani ƙauye tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san tsoron da ke zuwa tare da zafin bazara. Yaro zai kwana lafiya, da safe wuya ya sanƙare, kafin a samo mota har an makara. A 1996 sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, yawancinsu a nan Arewa.

Ana cikin wannan annoba ne kamfanin magani na Pfizer daga Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka shigar. An ba kusan rabinsu Trovan, sauran kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, 5 a kashin farko, 6 a na biyu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Ni ba alƙali ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka bar iyayen nan suna jira.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, ya gama aiki a 2001. Rahoton bai fito fili ba sai 2006, kuma wata jaridar Amurka ce ta fito da shi. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75. Sai a watan Agusta na 2011 aka fara biyan iyalai huɗu, dala 175,000 kowanne. Shekara 15 ke nan! Kafin a biya ma, sai da aka yi gwajin ƙwayar halitta, domin mutum fiye da 500 ne suka fito suna cewa 'ya'yansu na ciki. Uwar da ta binne ɗanta aka ce ta kawo shaida cewa nata ne. Da a ce ɗan wani babban mutum ne a Legas, da takardarsa tana hannun lauya tun ranar farko. Talaka kuwa hawayensa ne kaɗai shaidarsa.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin binciken magani. Bincike ne ya kawo allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijeriya a 2011, wadda ta karya lagon irin sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996. Amma idan aka ci amanar mutane sau ɗaya, wanda bai ji ba bai gani ba shi ke biya. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har zuwa 2004, kuma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Yara nawa suka gurgunce a tsakani?

To, mu fa? Idan yaro ya mutu a unguwarmu, mukan taru, a yi waƙa, fasto ya yi addu'a, zumuntar mata ta kawo tuwo, bayan kwana uku kowa ya kama gabansa. Ba na raina wannan. Abokan Ayuba ma sun fi amfani a kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Amma uwar tana nan bayan wata shida, tana tambayar kanta ko laifinta ne, ba wanda ya zo ya bayyana mata abin da ya kashe ɗanta. Ba a rubuta ranar ba, balle dalili. Gwamnati kuwa ba za ta aiko da ma'aikacin jinya inda littafi bai nuna ana mutuwa ba.

Saboda haka ina roƙon dattawanmu. Muna da littafin baftisma da na aure. A ƙara na rasuwa, a rubuta suna, shekaru, ƙauye, alamun ciwon da kuma ko an kai asibiti, idan iyalin sun yarda. A taimake su su yi rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a kuma sa mutum biyu su riƙa komawa gidan har shekara ta zagayo, ko na Kirista ne ko na maƙwabcinmu Musulmi. Ku kuma 'yan aji shida masu burin zama likitoci da nas, duk ranar da aka ba ku takardar neman yarda da Turanci, ku zauna ku karanta wa uwar da Hausa kafin ta dangwala yatsa.