NAZARI: Sunan tasha, da makomar gidajen abincin Brick Lane a Landan

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Aldgate East, a gabashin Landan, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsa da Brick Lane, titin da ya yi suna da gidajen abincin 'yan asalin Bangladesh. Sai dai sunan tashar bai gaya wa baƙo haka ba. Wannan ne ya sa a 2006 aka taso da fafutuka daga Ƙaramar Hukumar Tower Hamlets, ana neman a sauya wa tashar suna zuwa Brick Lane kafin gasar Olamfik ta 2012, domin masu yawon buɗe ido su san inda za su sauka, su ci, su yi sayayya. A shekarar ce kuma aka rufe tsohuwar tashar Shoreditch, wadda ke daf da titin. Buƙatar ba ta samu karɓuwa ba, kuma tashar na nan da sunan da take ɗauke da shi tun 1884.

Hujjar da akan kawo a irin wannan ƙin amincewa tana da nauyi. Sauya suna na nufin sauya taswira, alluna, sanarwar cikin jirgi da na'urorin sayar da tikiti, ga ruɗanin da fasinja zai shiga. Amma tarihi ya nuna ƙofar ba a kulle take ba. A 1932 aka mai da Gillespie Road ta koma Arsenal, bayan matsin lambar kocin ƙungiyar, Herbert Chapman.

Abin da ya sake tayar da tambayar shi ne halin Hukumar Sufurin Landan, TfL, a shekarun nan. A Satumban 2023 ta bar kamfanin tufafi na Burberry ya mai da Bond Street ta zama Burberry Street na 'yan kwanaki, har fasinjoji suka koka cewa sun ruɗe. A 2024 Samsung ya yi wa Old Street irin haka. Na wucin gadi ne, gaskiya, kuma hukumar da ta tagayyara a lokacin korona tana neman kuɗi ko ta ina. Duk da haka, da wuya mai gidan abinci a Brick Lane ya kalli wannan bai ga cewa ruɗanin fasinja yakan zama matsala ne kawai idan mai neman sauyin ba shi da abin biya.

To, ko sunan zai ceci kasuwar? A nan ne lissafin masu fafutukar ke da rauni. Rahoton da cibiyar Runnymede Trust ta fitar a 2020 ya nuna gidajen abincin 'yan asalin Kudancin Asiya da ke titin sun ragu daga 60 a tsakiyar shekarun 2000 zuwa 23 a farkon 2020. Ba rashin jama'a ya jawo haka ba. Titin na cika maƙil, musamman ranar Lahadi. Kuɗin haya ne ya yi tashin gwauron zabo, dokokin shige da fice suka tsananta ɗauko masu girki daga waje, 'ya'yan masu shagunan kuma da dama suka yi karatu suka kama wasu sana'o'i. Tashar Shoreditch High Street da aka buɗe a 2010 ta ƙara kwararo mutane ta arewacin titin, ɓangaren da shagunan kofi da na gwanjo suka fi yawa. Inda ƙafa ta yawaita, mai gida ne kan fara ƙara haya, mai haya kuma shi ke tattara kayansa.

Wannan ba ya nufin suna aikin banza ne. Ga al'ummar da ta haura kashi ɗaya cikin uku na mazauna Tower Hamlets a ƙidayar 2021, maganar ta wuce ciniki. Kusa da tashar akwai lambun da aka raɗa wa sunan Altab Ali, matashin tela da aka kashe saboda wariyar launin fata a 1978. A 2022 an ƙara rubutun Bengali a allon tashar Whitechapel, kuma a 2025 wani ɗan majalisa, Rupert Lowe, ya nemi a bar Turanci kaɗai, Elon Musk ya mara masa baya. Allon na nan daram, masu gidajen abinci kuma na ci gaba da tsayawa bakin ƙofa da dare suna kiran masu wucewa.