Aikin fasto a karkarar Rano da Kibiya

Haƙuri ne jarin fasto a karkarar Rano da Kibiya. Galibin mabiyansa Hausawa ne manoma, jikokin Maguzawa, masu ibada da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932. Wa'azin Lahadi ɗan kaɗan ne cikin aikin. Sauran mako yana kan babur: dubiya, jana'iza, sasanta ma'aurata. Baikon kirki kuwa sai kaka, damin dawa ko tiyar masara, don haka shi ma dole ya riƙe fartanya. Ikilisiyoyin birni, musamman na ECWA da aka kafa a 1954, sun iya yabon juriyarsa. Da ma su haɗa da kuɗin makarantar 'ya'yansa da man babur.