Filin Mata: Kurmin Da Yake Itace Guda

Yau zan ba ku labarin wani itace na ƙasar Amurka, sunansa asfen. Dogo ne siriri, ɓawonsa fari, ganyensa kuwa ko 'yar iska ta hura sai ya yi ta karkarwa.

Abin mamaki game da shi, ba safai yakan tsiro daga iri ba. Saiwa ce ke bi ta ƙarƙashin ƙasa tana fid da toho, kamar yadda ayaba ke yi. A jihar Yuta, cikin gandun dajin Fishlake, akwai wani kurmi wai shi Pando. Faɗinsa eka 106, itatuwansa wajen 47,000, amma duk saiwarsu ɗaya, watau itace guda ne. 'Yan makaranta, ku nemo Yuta a taswira.

To, mu nan ɓarna muka san gobarar daji da ita. Ga asfen kuwa ba haka ba ne. In wuta ta cinye na sama, saiwa na nan da ranta, da sanyi ya wuce sai toho ya fito dubbai. In an daɗe ba wuta, sai waɗansu itatuwa masu ganye kamar allura su girma su yi masa inuwa har ya mutu. Hukuma ta yi shekaru tana kashe kowace wuta, ashe shaƙe shi ake yi. Yanzu ma'aikatan daji da kansu ke cinna wutar, bayan sun share iyaka sun duba iska, kamar yadda suka yi a Manning Creek cikin 2019.

Sai dai wuta kaɗai ba ta isa ba. Duk mai akuya ta san abin da ke samun dashen da ba a kange ba. Haka barewa da shanu ke yi wa tohon Pando, tsofaffi na mutuwa ba masu gadonsu. Cikin 2013 aka kewaye wani sashe da waya, nan ne toho ya samu ya girma. A ganina wannan waya ta fi kome amfani.

Abin da waya ba ta tarewa shi ne fari, ga shi zafin duniya sai ƙaruwa yake yi. Bayan farin 2002, asfen ya mutu da yawa a jihar Kolarado, musamman a gangaren duwatsun da rana ta fi duka. A waɗansu wuraren har saiwar ta mutu, ko an sa wuta ba abin da zai toho.