A Daina Dalla wa Amarya Filasha

Matasan nan masu sabuwar kyamara sun cika wuraren kamu da dina, suna dalla wa amarya filasha a fuska har goshi ya yi ƙyalli, baƙar inuwa ta tsaya a bango. Laifin ba na kyamara ba ne. A juya kan filashar ta bugi farin silin, hasken sai ya sauko a tausashe, lallen hannu ma ya fito raɗau. Idan nisa ya ninka biyu, rubu'in hasken kaɗai ke isa, shi ya sa 'yan layin baya ke nutsewa cikin duhu. Ni dai yaron da ke ɗaura farin kati da kyauro a kan filasha yana ta gwaji ya fi burge ni a kan mai tara kayan tsada.