Tallan Harkar Kuɗi A Intanet: A Duba Inda Za A Kafa Rumfa

Duk mai riƙe da waya a yau ya saba da su. Kana cikin kallon barkwanci a TikTok sai ga wata ta ɓullo tana cewa ka sauke manhaja kaza, minti biyar bashi ya shigo. Ka koma Facebook, ga wani yana raba lambar gayyata. Ka leƙa WhatsApp, an riga an jefa ka wani guruf na "zuba jari" ba tare da an tambaye ka ba. Kamfanonin kuɗi sun gane inda matasa suke, kuma sun biyo mu har kan katifa.

Ra'ayina shi ne yawancinsu suna zaɓar kafar talla da ma'auni mara kyau. Abin da suke tambaya shi ne mutum nawa za su gani. Abin da ya kamata su tambaya shi ne: a wannan kafar, wanda ya ga tallan zai iya yin tambaya a ba shi amsa? In abu ya lalace, akwai wanda zai riƙe? Wanda ya sayi takalmi a Instagram bai yi masa ba, asarar dubu goma ya yi. Wanda ya miƙa BVN ɗinsa da kuɗin makarantarsa ga manhajar da bai san ofishinta ba, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Mu ɗauki kafafen ɗaya bayan ɗaya. TikTok da Instagram sun iya sa suna ya zauna a ka, wannan babu musu. Amma a daƙiƙa 30 ba za ka bayyana kuɗin ruwa, da ranar biya, da tarar jinkiri ba. Abin da ke faruwa shi ne a nuna daɗin a ɓoye sharaɗin. To in za a yi amfani da su, a tsaya a kan gabatarwa, a tura mutum inda cikakken bayani yake.

WhatsApp da Telegram su ne suka fi shiga rai, domin saƙon daga ɗan ajinku ko 'yar gwaggonka yake zuwa. A nan kuma haɗarin yake. Saƙon da aka tura aka sake turawa ba shi da uba. MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 da bakin 'yan uwa da abokai ta yaɗu. CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 ita ma ta irin wannan hanyar ta tara jama'a, kowa na jawo na kusa da shi don ya ci kamisho. Kamfani na gaskiya da ya mayar da guruf babbar kafarsa ta talla ya sa rigar 'yan damfara da hannunsa. WhatsApp wurin amsa tambayar kwastoma ne, da lamba guda da kowa ya sani.

Facebook, duk da ana yi masa kallon dandalin iyaye, har yanzu nan ne Bahaushe ke rubutu mai tsawo, a yi muhawara a ƙasan rubutun kowa na gani. Kamfanin da ya yarda da kansa ba zai ji tsoron wannan ba. Haka shirin rediyo na kiran waya, wanda tashoshi irin su Freedom Radio ke sawa kai tsaye a Facebook: a zaunar da jami'in kamfani, ɗan kasuwar Kwari ya bugo ya ce, "Malam, wannan bashin naku akwai riba a ciki ko babu?" A Arewa wannan ce tambayar farko. Shi ya sa bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank a 2019, suka samu kasuwa. Tallan da ba shi da wurin amsa wannan tambayar da Hausa, da murya ba rubutu kaɗai ba, ya bar rabin masu sauraro a waje.

Kada kuma a manta da mai POS na bakin layi. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mutane da yawa ba talla ce ta kai su ga manhajojin tura kuɗi ba. Sun ga maƙwabci ya tura ya shiga ne, gani kuwa ya kori ji. Sannan dogaro da kafa guda ganganci ne: an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, duk wanda a can kaɗai yake magana da kwastomominsa ya ji a jikinsa.

Wani zai ce ai ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin rediyo, masu tarin mabiya sun fi araha. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina aiki da su ba. Amma mu matasa da ake biya mu tallata, mu san abin da muke sayarwa: yardar da mabiyanmu suka yi mana. Akwai doka ma a kai. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta tanadi a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet. Dokar zuba jari ta 2025 kuma ta fito ƙarara ta haramta tsarin "kawo mutum a biya ka", da hukuncin tara da ɗauri. "Ni talla kawai aka ba ni" ba zai goge sunanka a idon wanda ya yi asara ba.

Don haka kafin ka karɓi kuɗin talla, ko ka latsa ta wani, yi abu uku. In manhajar ajiya ce, duba ko tana da lasisin CBN da inshorar NDIC, wadda tun 2024 ta kai naira miliyan 5 ga asusun bankin kasuwanci, miliyan 2 ga ƙananan bankuna. In ta bashi ce, duba sunanta a jerin waɗanda FCCPC ta amince da su. Kuma in ta nemi shiga lambobin wayarka da hotunanka, ja da baya, domin tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi yin hakan. In ta zuba jari ce, nemi rajistarta a SEC. Aikin minti goma ne, data ɗin bai kai na bidiyo uku ba.

Ga kamfanoni kuwa, ku kafa rumfarku inda za a iya dawo muku da kaya in an ga aibu. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Wanda ya zaɓi kafar da babu mai iya yi masa tambaya, ya riga ya gaya mana irin hajar da ya kawo.